Gas mai tsananin sanyi a cikin tarko, an kuma zuba masa hargitsi: canjin hali ne na gaske ko kuwa?

Nasiru_Fiziks:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai, ina so malamanmu na nan su warware min. A aji an koya mana cewa canjin hali na gaskiya, irin ruwa ya koma ƙanƙara ko ƙarfe ya zama maganaɗisu, a lissafi ba ya fitowa tsaf sai adadin ƙwayoyin ya tafi ba iyaka, kuma ko'ina a cikin abin ya zama iri ɗaya. To amma gas ɗin nan da ake sanyayawa har ƙasa da maikrokelbin ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da matuƙar sanyi), atam ɗin ciki dubbai ne zuwa 'yan miliyoyi, suna kuma cikin tarko wanda tsakiyarsa a cunkushe take gefe kuma kusan fayau. Sannan a zo a ƙara musu hargitsi da gangan. Ni a nawa ganin an riga an fita daga maganar canjin hali, abu ne kawai ke sauyawa sannu a hankali. Amma masu binciken sai cewa suke sun ga gilashin Bose, sun ga maƙalewar Anderson. Ta ina?

Abba_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su iso, mu da ba 'yan fiziks ba a ɗan tausaya mana. Tarkon me ake nufi, kuma mene ne amfanin mutum ya sha wahala ya tsaftace abu sannan ya ɓata shi da hannunsa?

Mal_Haruna:
Wa alaikumus salam. Abba bari in fara da kai don kowa ya biyo mu. Atam ɗin nan, galibi rubidiyom ko fotasiyom ko sodiyom ko litiyom, ana ajiye su ne a wani ɗan akwati da aka zuƙe iskar ciki kaf, kuma ba a barin su taɓa bango, don da sun taɓa shi ke nan sun ɗumame an rasa su. Shi ya sa ake riƙe su a tsakiya da maganaɗisu ko da hasken leza, wannan riƙon shi ne tarkon. Da leza ake fara rage musu gudu, aikin da ya sa aka ba Chu da Cohen-Tannoudji da Phillips kyautar Nobel a 1997, daga nan sai a riƙa buɗe wa mafi zafin cikinsu hanya su tsere, waɗanda suka rage su ƙara sanyi. A 1995 Cornell da Wieman a Kolorado ta Amurka suka sauko da rubidiyom-87 zuwa wajen nanokelbin 170 (nanokelbin dubu ne maikrokelbin ɗaya), sai atam ɗin suka fara taruwa a hali guda na kwantom, wajen 2000 ne suka shiga a lokacin. Kondenset ɗin da Einstein ya hango a 1925 bisa lissafin Bose ke nan.

Maganar ɓatawa kuwa, babu wayar lantarki ko kiristal a duniya da ba shi da aibu a ciki, kuma aibun nan ba ka isa ka cire shi ko ka ƙara shi yadda kake so ba. A gas ɗin nan kai ke da maɓalli a hannu, ka ƙara ka rage, ka kashe gaba ɗaya ka ga bambanci.

ɗan_lab:
In ƙara a kan na Malam, yadda ake yin hargitsin ma abu ne da kowa zai iya gani da idonsa. Ka haska ƙaramar leza a bango mara sheƙi ka ƙura ido, za ka ga hasken ba sumul yake ba, ɗige-ɗige ne masu haske da masu duhu, in ka motsa kai sai ka ga kamar suna tafiya. Na taɓa haɗa irinsa a benci da gilashi mai hazo da lens da kyamara, in ka juya gilashin kaɗan zanen ɗigon ya canza gaba ɗaya, in ka bar shi kuma zanen na nan daram ba ya motsi. To wannan hasken ake zubawa kan atam ɗin. In an zaɓi kalar lezar ta yadda take ture su, kowane ɗigo mai haske ya zama tudu ke nan, duhun kuma kwari. Girman ɗigon lens ke yanke shi, tsayin tudun kuma ƙarfin lezar.

Sadiq99:
Toh ai in haka ne babu wani abin mamaki. Atam ba shi da kuzari, ya faɗa kwari ya kasa hawa tudu, ya tsaya. Wannan ko ba kwantom ma zai faru.

Zainab_K:
A'a Sadiq, nan ne fa mutane da yawa ke kuskure. A gwajin da ƙungiyar Alain Aspect ta yi a Faransa a 2008, tudun da suka sa sun fi kuzarin yawancin atam ɗin ƙanƙanta nesa ba kusa ba, da ƙwallaye ne da sun haye sun wuce abinsu. Amma atam a wannan sanyin taguwa ne, kamar taguwar ruwa, kowane ɗan tudu yana maido da wani ɓangare nata baya, kuma da yake tudun ba su da tsari sai taguwoyin da ke ƙoƙarin yin gaba su riƙa soke juna. Suka saki kondenset ɗin a cikin doguwar hanya ta haske, ba hargitsi ya yi ta bazuwa, da hargitsi ya ɗan bazu ya tsaya cak, gefe-gefensa kuma na raguwa da irin lissafin da Philip Anderson ya yi wa ilektron tun 1958. Shekara 50 cif tsakani.

Ni simuleshon nake yi, kuma wlh ranar da na fara ganin abin a kwamfutata ya burge ni ƙwarai. Layin gurabe ne kawai, ka ba kowane gurbi kuzari na kan mai uwa da wabi, ka sa taguwa a tsakiya. Ko ɗan mitsitsin hargitsi ka sa sai ta maƙale, sai dai ta yi nisa kafin ta tsaya.

Sadiq99:
Ko ɗan mitsitsi? Wannan kam da wuyar yarda.

Zainab_K:
A layi ɗaya eh, in atam ɗin ba sa hulɗa da juna. Lissafin Abrahams da Anderson da Licciardello da Ramakrishnan na 1979 ya nuna a 1D (layi) da 2D (shimfiɗa) komai maƙalewa yake, a 3D (mai tsawo da faɗi da zurfi) ne kaɗai ake samun iyaka ta kuzari, na ƙasa da ita a maƙale na sama da ita suna yawo. Kuma Nasiru ka lura, a 1D ɗin babu canjin hali ma sam, tunda babu ɓangare biyu. A 3D ne tambayarka ke da gurbi.

Dr_Bilkisu:
Nasiru tambayarka mai kyau ce amma ka ɗora wa tarkon laifin da ya fi ƙarfinsa. Na farko, babu abin da ke da ƙwayoyi marasa iyaka, har kofin ruwa. Abin dubawa shi ne faɗin wurin da canjin ya yi laushi, in ya yi ƙanƙanta idan aka gwada da sauran ma'aunai to an ga canjin hali. Na biyu, tarkon yana canza lissafin amma ba ya kashe shi. A akwati mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kason atam da ke cikin kondenset yana bin 1 − (T/Tc)^(3/2), inda T shi ne zafin gas ɗin, Tc kuma zafin da canjin ke faruwa, a tarkon da aka saba kuma 1 − (T/Tc)^3, kuma an auna an ga kusan hakan, ɗan bambancin da ya rage turereniyar atam ɗin da ƙarancin adadinsu ke kawo shi. A 2007 ƙungiyar Esslinger a Zurik ta auna yadda tazarar da atam ke jin juna take girma in an matso Tc, suka sami lambar da ke nuna saurin girman wajen 0.67, irin wadda hiliyom mai kwarara ba tirjiya ke da ita. A cikin tarko fa aka yi.

Kai har ma tarkon ya zama alheri. Tunda cunkoso yana raguwa daga tsakiya zuwa gefe, kowane zobe kamar wani gwaji ne daban, hoto ɗaya ya ba ka yanayi da yawa. Da haka ƙungiyar Zwierlein a jami'ar MIT ta Amurka ta fitar da canjin halin litiyom-6 a 2012.

Nasiru_Fiziks:
Na gode Dakta, amma nan ɗin ne daidai inda nake tsaye. Ɗaukar kowane zobe a matsayin gas mai zaman kansa yana aiki ne in tazarar jin junan gajera ce. A daidai bakin canjin kuma tazarar nan girma take yi ba iyaka, to sai ta ƙetare zoben ta shiga na kusa da shi wanda cunkosonsa daban. Wato dabarar ta lalace a daidai wurin da aka fi buƙatarta. Wannan ma ba a sa hargitsi ba tukuna.

Dr_Bilkisu:
Haka ne, kuma an san da shi. Campostrini da Vicari sun rubuta a 2009 yadda girman tarko ke yanke wannan tazarar, da yadda za ka canza girman tarkon ka ga sakamakon yana bin ƙa'ida. Lalacewar ma tana da tsari, kuma tsarin nata shi kansa hujja ne cewa akwai canji na gaske a ƙarƙashi.

Abba_Injiniya:
Na fara kamawa. Amma gilashin Bose ɗin da Nasiru ya ambata fa? Gas ne kuma gilashi?

Mal_Haruna:
Sai an kawo turereniya tsakanin atam ɗin labarin ke daɗi. In ka haɗa lezoji suna fuskantar juna za ka samu raga ta haske, gurabe a jere reras. Idan ragar ba zurfi, atam na tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, dukkansu taguwa ɗaya, suna kwarara ba tirjiya. In ka zurfafa ta sai turereniya ta yi rinjaye, kowane gurbi ya riƙe adadi tsayayye, ɗaya ɗaya ko biyu biyu, babu mai motsi. Insuletan Mott ke nan, wato hali da ba ya barin komai ya gudana, Greiner da Bloch da abokan aikinsu sun nuna shi a Munik a 2002. Shi wannan yana da giɓi, sai ka biya wani adadin kuzari kafin ka ɗora atam a kan wani, don haka in ka ɗan matsa shi ba ya matsuwa.

Da hargitsi sai hali na uku ya fito, wanda Giamarchi da Schulz suka samu a 1D a ƙarshen shekarun 1980, sannan Fisher da Weichman da Grinstein da wani Fisher ɗin suka shimfiɗa shi a 1989. Ka ɗauki fili mai gargada bayan an ɗauke ruwan sama, ga kududdufai nan birjik, kowanne ruwa ne sosai a cikinsa, amma ba su haɗe ba balle ruwan ya gudana daga wannan gefe zuwa wancan. Ka ƙara ruwa zai samu wurin zama, don haka yana matsuwa kuma ba shi da giɓi, amma ba ya kai komai ko'ina. In ruwan ya yi yawa suka haɗe sai kwarara ta dawo. Sai dai a kula, a kwantom haɗewar ba ta taɓa juna kaɗai ba ce, sai taguwar wannan ta daidaita bugunta da ta wancan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, ɗan turereniya kaɗan yana taimakon kwarara ne, don yana korar atam daga ramin da suka cushe su bazu, amma in ta yi yawa sai ta sake daskarar da su.

Zainab_K:
Malam ka taɓo inda zan goyi bayan Nasiru. A 2009 Pollet da Prokof'ev da Svistunov da Troyer sun tabbatar cewa muddin akwai hargitsi na gaske, ba a tsallakawa kai tsaye daga Mott zuwa mai kwarara, dole gilashin Bose ya shiga tsakani komai sirantarsa. Hujjarsu ita ce a fili mara iyaka dole wani wuri a samu yanki, komai wuyar samunsa, da hargitsin ya faɗo ta yadda ya yi kama da ɗaya halin. To in hargitsin kaɗan ne, irin wannan yanki sai ka duba gurabe masu ɗimbin yawa kafin ka ci karo da ɗaya. Gas ɗin tarko faɗinsa gurabe gommai ne zuwa ɗari ko fiye kaɗan. Babu shi a ciki kawai. Ni ma a simuleshon haka nake fama, ka canza zanen hargitsin sakamako ya yi tsalle, sai ka maimaita da zane daban-daban masu yawa ka ɗauki matsakaici, wani lokacin ma zane ɗaya tak da ya fita daban shi ke jan matsakaicin duka. Don haka iyakar Mott da gilashin Bose a ƙaramin hargitsi, gsky ban ga yadda za a gan ta tsaf a tarko ba.

Nasiru_Fiziks:
Yauwa Anti Zainab, abin da nake ta son faɗa ke nan.

Dr_Bilkisu:
Wannan iyakar na yarda. Amma ɗaya iyakar, ta mai kwarara zuwa gilashi a hargitsi mai ƙarfi, ba ta rataya a kan yankunan da ba a cika samu ba haka. Ƙungiyar DeMarco a Ilinoi ta Amurka ta ɗora ɗige-ɗigen leza a kan raga ta 3D, ta ɗan ture gas ɗin ta ga lokacin da ya daina motsawa. Kar mu haɗa duka mu yi musu kuɗin goro.

Ummi_Chem:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Tun kafin a yi gas ɗin nan an yi irin wannan da hiliyom-4, wanda ke fara kwarara ba tirjiya a kelbin 2.17. John Reppy a jami'ar Cornell ta Amurka ya riƙa zuba shi cikin Vycor, wani gilashi mai ƙananan ramuka barkatai, kuma in hiliyom ɗin ya yi kaɗan sai ya lafe a bangon ramukan babu kwarara sam, sai an wuce wani adadi take farawa. Irin waɗannan gwaje-gwajen na cikin abin da ya tunzura aikin 1989 da Malam ya ambata. Tambayata, hargitsi yana canza irin canjin ne ko wurinsa kawai yake matsarwa?

Mal_Haruna:
Ummi akwai ma'aunin Harris na 1974 a kan wannan. Ka ninka lambar nan ta tazarar jin juna da yawan daimenshon (3 a 3D), in ya haura 2 to ƙaramin hargitsi ba ya canza irin canjin, Tc kawai yake matsarwa. A gas ɗin Bose na 3D lambar wajen 0.672 ce, sau 3 ya ba ka 2.02 ba kaɗan, da ƙyar ya haye. Akwai kuma lissafin Huang da Meng na 1992 da ya nuna ƙaramin hargitsi ya fi cin kason da ke kwarara fiye da kason kondenset, ninkin 4/3. Wato kondenset da kwarara ba abu ɗaya ba ne, kuma hargitsi ne ke raba su a fili.

ɗan_lab:
Abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne lokaci. Gas ɗin nan daƙiƙoƙi ne rayuwarsa, hasken kansa yana ɗumama shi a hankali, ragowar iskar akwatin tana bugun atam tana fitar da su. Kuma hoton da aka saba ɗauka kashe samfurin yake, a kashe tarko a bar shi ya bazu na 'yan milisakan a haska shi, shi ke nan sai a sake haɗa sabo. To in ka ga gajimaren bai bazu ba cikin daƙiƙa biyu ko uku, maƙalewa ya yi ko rarrafe yake wanda idonka bai kai ba? A 3D an ba da rahoto daga Ilinoi a 2011, daga Faransa a 2012, sannan Fulorens ta Italiya a 2015 suka auna iyakar kuzarin, kuma an sha muhawara kan inda iyakar take. Wata matsalar kuma, da ka kunna hargitsin atam ɗin ba sa zama da kuzari ɗaya, wasu sama da iyakar wasu ƙasa, sai ka ga wani kaso ya tsaya wani yana tafiya.

Sadiq99:
To me zai hana a cire tarkon mai kwarin nan gaba ɗaya a huta?

Dr_Bilkisu:
An yi ai. A 2013 ƙungiyar Hadzibabic a Kambirij ta yi akwati da bangon haske, cikinsa a shimfiɗe, har nauyin atam ɗin suka soke da maganaɗisu don kar su taru a ƙasa. Akwai kuma madubin ƙara girma da ke ganin atam ɗaya ɗaya a gurbinsa tun 2009 a Harvard da 2010 a Jamus, wanda ke ba ka damar duba yanki ɗaya ka bar sauran. A 2024 ma ƙungiyar Ulrich Schneider, su ma a Kambirij, sun ba da rahoton gilashin Bose na 2D a raga mai kusurwa takwas wadda zanenta ba ya maimaita kansa.

Zainab_K:
Dakta wannan ragar fa ba hargitsi ne na gaske ba, tsari ne da ba ya maimaituwa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Haka gwajin Fulorens na 2008 da fotasiyom-39, raga biyu suka ɗora wa juna masu tazarar da ba ta daidaita, suka yi amfani da maganaɗisu suka kashe turereniya. Wannan tsarin Aubry da André ne na 1980, kuma shi a 1D ma yana da canjin hali, sai ƙarfin raga ta biyu ya kai ninki 2 na ƙarfin tsallake kafin a maƙale. Hargitsi na gaske ba ya jiran komai. Sannan irin wannan ragar ba ta da yankunan nan da ake samu jefi-jefi, shi ya sa take fitowa tsaf, amma kuma shi ya sa ba ta amsa tambayar da Nasiru ya yi.

Dr_Bilkisu:
Ta amsa rabinta mana. Ya ce tarko da ƙarancin atam sun hana a ga gilashin Bose, ga shi an ga insuleta mara kwarara da ba Mott ba.

Abba_Injiniya:
Ni dai abin da ya kama ni shi ne a ce abu ya ƙi daidaita zafinsa. A wurinmu duk abin da ka bari zai kai ga daidaito.

Mal_Haruna:
Wannan wani babi ne, Abba. Basko da Aleiner da Altshuler sun kawo hujja a 2006 cewa maƙalewar na iya tsira ko da ƙwayoyin suna hulɗa. A 2015 a Munik aka jera fotasiyom-40 gurbi ɗaya da atam, na kusa da shi babu, aka sake su. Ba hargitsi jerin ya goge nan da nan, da hargitsi mai ƙarfi (irin na raga biyun nan) kuma aka ci gaba da ganin alamarsa har ƙarshen lokacin da suka iya kallo. Ko zai dawwama har abada, musamman a 2D, ana ta ja har yanzu, don akwai masu cewa yanki ɗaya mai raunin hargitsi zai iya narkar da maƙwabtansa a hankali har ya cinye duka.

Nasiru_Fiziks:
Kun ga an sake dawowa kan yankunan da ƙaramin gas ba shi da su, da lokacin da ba a da shi. Na karɓi na Dakta a kan kondenset mai tsafta da kuma hargitsi mai ƙarfi. Amma duk inda ma'anar halin ta dogara da fili mara iyaka ko jira mara iyaka, ni dai har yanzu cewa zan yi an ga alama, lissafi ne ya cike sauran.

Dr_Bilkisu:
To da wannan ma'aunin naka a ƙarfe da kiristal ma alama aka gani, don can ma ba wanda ya jira har abada, ga kuma girgizar kiristal ɗin tana shiga tana ɓata komai. Zainab in kina da lokaci ki gwada mana layi ɗaya da hargitsi na gaske da kuma na Aubry da André, girma iri-iri, da tarko da babu, ki ɗoro mana zanen a nan mu ga wanne tarkon ya fi yi wa illa.

Zainab_K:
Ba turereniya abu ne mai sauƙi, zan ɗora in sha Allah. Da turereniya kam ƙaramin layi kawai kwamfutata za ta iya ɗauka, kuma Nasiru zai ce ƙanƙantar ce ta jawo duk abin da ya fito.

Nasiru_Fiziks:
Zan faɗa kuwa in girma uku ba su bi layi ɗaya ba. A fara da mara turereniyar, kuma don Allah a sa zanen hargitsi da yawa, a nuna mana bazuwar sakamakon ba matsakaici kaɗai ba.